Turba Cikin Turba: Yadda Ƙwayar Linux Ke Tsara Na'urori Hawa-Hawa, da Misalai Daga Anka, Gummi da Bukkuyum

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyar da ƙwayar babbar manhajar Linux ke bi wajen riƙe lissafin na'urorin da ke jingine da juna, musamman inda turbar bayanai ɗaya ke ɗauke da wata turbar a cikinta. An ɗauko misalai daga kayan aikin da ake gani yau da kullum a Anka, Gummi da Bukkuyum: wayar Android, na'urar POS, da kwamfutar tafi-da-gidanka mai amfani da modam. An nuna cewa siffar bishiya da ƙwayar ta zaɓa tana warware matsalar jerin kunnawa da kashewa da ta rabon wuta, amma tana gazawa idan na'ura ta dogara da wata da ba uwarta ba. An kuma bi diddigin gyare-gyaren da aka yi domin cike wannan giɓi daga 2012 zuwa 2025.

1.0 Gabatarwa

Kalmar "turba" a nan tana nufin abin da injiniyoyi ke kira bas, wato wayoyi da ƙa'idojin da na'urori ke bi su yi magana da farosesa. Turba ta wuce waya kawai. Tana da tsarin raba adireshi, tana da dokar wanda zai yi magana da lokacin da zai yi, wani lokaci ma ita ce ke kai wutar da na'ura ke aiki da ita. Kamfanin Philips ya fito da I2C a 1982, Intel ya fito da PCI a 1992, ƙa'idar USB ta farko kuma ta fito a 1996, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara. Duka ukun suna nan da ransu, kuma sau da yawa ana samun su a cikin akwati guda, ɗaya a kan ɗaya.

Mai karatu na iya zaton wannan batu ya yi nisa da yammacin Zamfara. Bai yi ba. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika kasuwannin Gummi da Anka duk masu Android daga cikinsu a kan ƙwayar Linux suke tafiya. Da yawa daga cikin na'urorin POS da jama'a suka dogara da su lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 Android ce a cikinsu. Haka ma na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta INEC ta kai rumfunan zaɓe a watannin Fabrairu da Maris na 2023. A yankin da wutar gwamnati ba ta da tabbas, inda ake biyan kuɗi kafin a yi cajin waya da janareta ko hasken rana, tambayar "wace na'ura ce ta hana waya barci?" tambaya ce ta aljihu. Amsarta kuwa tana cikin yadda ƙwaya ta tsara dangantakar na'urori.

2.0 Gada Mai Fuska Biyu

Farosesa ba ta san modam ba. Abin da ta sani shi ne turba guda ta kusa da ita. A kan wannan turba akwai wata na'ura wadda aikinta shi ne ta buɗe wata sabuwar turba a bayanta, kuma irin wannan na'ura ce za a riƙa kira gada. Duk wahalar batun tana tattare da cewa gada abu biyu ce lokaci guda: ga turbar sama ita 'yar talaka ce mai adireshi kamar kowa, ga turbar ƙasa kuwa ita ce mai mulki.

Tsarin sarautar yankin ya ba da kwatanci mai kyau. A ƙarƙashin Sarkin Zamfaran Anka ko Sarkin Mafaran Gummi akwai uwayen ƙasa, a ƙarƙashinsu hakimai, sannan masu unguwanni. Uban ƙasa idan ya je fada mai karɓar umarni ne, idan ya koma gundumarsa shi ke bayarwa. Sarki ba ya buƙatar sanin sunan kowane magidanci. Ya isa ya san ta hannun wa saƙo zai bi. Idan kuma kujerar uban ƙasa ta zama babu kowa, ƙauyukan suna nan ba su motsa ba, amma hanyar isa gare su daga fada ta yanke. Za a ga daga baya inda wannan kwatanci ya ƙare.

Kafin zangon 2.5 na Linux, kowace turba tana riƙe da jerin na'urorinta ita kaɗai. Sashen PCI ya san nasa, sashen USB ya san nasa, babu wani littafi guda da ya rubuta cewa wannan mahaɗar USB tana rataye ne a jikin waccan na'urar PCI. Matsalar ta fito fili ne lokacin da aka so kwamfutocin tafi-da-gidanka su riƙa barci su farka lafiya, domin ba a kashe gada alhali akwai mai tafiya a kanta. Patrick Mochel ne ya jagoranci rubuta tsarin bai-ɗaya, wanda ya fito cikin Linux 2.6.0 a Disamba 2003. Greg Kroah-Hartman ne ke kula da shi tun shekaru masu yawa.

3.0 Ginshiƙai Uku

Tsarin ya tsaya kan abubuwa uku. Na farko shi ne struct device, wato takardar shaidar kowace na'ura. Na biyu struct device_driver, wato direba, ɓangaren manhaja da ya san yadda ake sarrafa wata irin na'ura. Na uku struct bus_type, wanda ke wakiltar nau'in turba, kuma babban aikinsa shi ne dalilin aure: idan sabuwar na'ura ta bayyana ko sabon direba ya yi rajista, turba ce ke duba ko sun dace. Idan ta ce sun dace, sai a kira aikin direba mai suna probe domin ya gwada na'urar ya karɓe ta.

Akwai gurabe biyu a cikin struct device da ɗalibai kan rikita. Gurbin bus yana faɗin irin turbar da na'ura take kai. Gurbin parent yana nuna na'ura guda takamaimai wadda ita ce uwarta. Na farko amsar "wane harshe take ji?" ne, na biyu amsar "ta hannun wa ake isa gare ta?" Abin lura shi ne babu wani gurbi da ke cewa turbar USB tana cikin turbar PCI. Nau'o'in turba a jere suke, babu babba babu ƙarami. Hawa-hawan yana fitowa ne kaɗai daga igiyar uwa da 'ya tsakanin na'urori, kuma ana haifar da shi a lokacin probe: direban gada, bayan ya karɓi na'urarsa, sai ya ƙirƙiri sabbin takardun shaida a wata turba dabam, ya rubuta na'urar tasa a matsayin uwarsu. Waɗannan su ma a nema musu direba, wanda wataƙila shi ma direban gada ne. Haka abin ke sauka har ƙasa ba tare da ƙwaya ta san zurfinsa tun farko ba.

Wannan zaɓi ne mai hikima. Da an rubuta cewa USB kullum 'yar PCI ce, da wayar hannu ta karya dokar, domin a cikinta mai kula da USB yana zaune ne kai tsaye a jikin babban guntu.

4.0 Karanta Adireshi Guda

A ɗauka akwai shagon buga takardu a Gummi mai kwamfutar tafi-da-gidanka ɗauke da Linux. Kafofin USB sun yi kaɗan, sai aka saka ƙaramar mahaɗa mai kafa huɗu a kafa ta biyu, aka cusa modam a kafarta ta uku. Ƙwaya tana baje bishiyar na'urori a matsayin foldoji ta hanyar sysfs, kuma adireshin modam ɗin zai yi kama da wannan:

/sys/devices/pci0000:00/0000:00:14.0/usb1/1-2/1-2.3/1-2.3:1.0/ttyUSB0

Ana karanta shi daga hagu. Sashen pci0000:00 shi ne tushen turbar PCI. Na gaba, 0000:00:14.0, na'ura ce a kan wannan turba: turba ta 0, gurbi na 14 a lissafin tushe goma sha shida, aiki na 0. A yawancin kwamfutocin Intel nan ne mai kula da USB yake zama. PCI tana ba da damar turbobi 256 a yanki guda, kowace da gurabe 32, kowane gurbi da ayyuka 8. Sashen PCI bai san komai game da USB ba; ya dai ga lambar aji da na'urar ta bayyana, ya haɗa ta da direban xHCI.

Daga nan aka haye gada. Folda usb1 ita ce uwar mahaɗa, na'ura ta farko a turbar USB, wadda direban xHCI ya ƙirƙira. A gaskiya yakan ƙirƙiri biyu, ɗaya ta saurin USB 2 ɗaya ta USB 3, ko da yake ramin da ake gani a jikin kwamfuta guda ne. Wannan shi ya sa filashi ɗaya ke iya fitowa ƙarƙashin usb2 yau, gobe idan haƙoransa sun yi datti ya fito ƙarƙashin usb1 yana tafiyar hawainiya. Sai 1-2, mahaɗar da aka saya a kasuwa, a kafa ta biyu. Sai 1-2.3, modam ɗin kansa. Ƙa'idar USB ta taƙaita wannan sarƙa: adireshi 127 a turba guda, kuma mahaɗai biyar kacal tsakanin uwar mahaɗa da na'urar ƙarshe.

Sashen 1-2.3:1.0 ya cancanci a dakata a kansa. Ba wata na'ura ce da za a taɓa da hannu ba. Fuska ce ta modam ɗin, fuska ta 0 a shiri na 1. Na'urar USB guda na iya samun fuskoki da dama, ɗaya ta aika umarni, ɗaya ta ɗaukar bayanan intanet, ɗaya ta karanta katin ajiya, kuma kowace da nata direban. Linux ta rubuta na'urar da fuskokinta duk a turbar usb, ta bambanta su da gurbin type. Wani direba na gama-gari ne ke karɓar na'urar baki ɗaya, ya zaɓi shiri, ya haifi fuskokin. Ke nan ko a cikin turba guda akwai hawa biyu. Na ƙarshe, ttyUSB0, yana kan turba ta uku mai suna usb-serial, wadda babu ita a jikin ƙarfe ko kaɗan, a manhaja kawai take. Layi guda, turbobi uku.

Masu amfani da irin wannan modam sun san wani hali nasa: da an cusa shi sai ya fara fitowa a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows. A wannan lokaci bishiyar daban take. Ƙarƙashin fuskar akwai direban usb-storage, wanda shi ma gada ne, yana buɗe turbar SCSI, a kanta faifan ƙarya yake. Manhajar usb_modeswitch ce ke aika masa umarni, sai ya ɓace daga turba ya dawo da sabuwar lambar shaida. Ƙwaya ba ta gyara tsohon reshen. Takan sare shi gaba ɗaya daga ganye zuwa gindi, ta shuka sabo.

Ya kamata a faɗi abin da bishiyar ba ta sani ba. Lokacin da hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a Zamfara daga 3 ga Satumba 2021, kowane modam a Anka da Bukkuyum da aka cusa a kwamfuta zai bayyana cikin sysfs lafiya ƙalau, da direbansa da komai. Bishiyar tana ba da shaidar hanya daga farosesa zuwa bakin eriya ne kawai. Abin da ke bayan eriya ba huruminta ba ne.

5.0 Amfanin Igiyar Uwa da 'Ya

Amfani na farko shi ne jeri. Duk na'urar da aka yi wa rajista ana ɗora ta a ƙarshen wani jeri mai suna dpm_list. Tun da ba a yi wa 'ya rajista kafin uwarta, jerin da kansa yana sa uwa gaba. Idan za a kwantar da kwamfuta barci sai a bi shi daga ƙarshe zuwa farko, idan za a tashe ta a bi daga farko. Modam ya kwanta kafin mahaɗa, mahaɗa kafin mai kula da USB, shi kuma kafin tushen PCI.

Na biyu shi ne tsawon rai. Kowace takardar shaida tana da ƙidayar masu riƙe da ita, kuma 'ya tana riƙe da uwarta. Idan yaro ya fizge mahaɗar daga jikin kwamfuta ana tsakiyar aika takarda, ƙarfen ya tafi nan take, amma wata manhaja tana iya kasancewa riƙe da ttyUSB0 a buɗe. Ƙwaya za ta cire na'urar daga idon jama'a, ta sallami direbanta, amma ba za ta share takardar daga ma'adana ba sai mai riƙe na ƙarshe ya saki. A lokacin ne ake kiran aikin release. Direban gada da ya share takardun 'ya'yansa da hannunsa ba tare da jiran ƙidaya ba ya buɗe ƙofar ɗaya daga cikin munanan kurakuran ƙwaya, wato amfani da wurin da aka riga aka saki. Irin wannan kuskure ba ya nuna kansa a ɗakin gwaji inda igiyoyi ke zaune lafiya. A shagon da kafar USB ta yi sako-sako saboda ƙura yake fitowa.

Na uku, wanda ya fi shafar yankin da ake magana, shi ne wuta. Kafar USB 2 tana ba da miliamfa 500. Mahaɗar da ba ta da cajarta, wadda ke shan wuta daga kwamfuta, ƙa'ida ta ba ta damar miƙa miliamfa 100 ne kawai ga kowace kafa. Linux tana rubuta wannan kaso a takardar kowace na'urar USB, tana gado daga uwa zuwa 'ya. Idan modam ya bayyana cewa yana buƙatar 500 alhali uwarsa 100 za ta iya bayarwa, ƙwaya takan ƙi zaɓar masa shiri, ta rubuta dalili a kundin saƙonninta. Mai shago zai ga fitilar modam na ci amma babu ttyUSB0, ya ɗauka modam ya mutu. A cire shi daga mahaɗa a cusa kai tsaye, sai ya tashi. Abin da ya canza uwarsa ce. Wasu mahaɗai masu araha kuwa sukan yi ƙaryar cewa suna da wutar kansu. Nan ƙwaya ta yarda, modam ya fara aiki, amma da ya ja wuta sosai wajen neman eriya mai nisa sai ƙarfin wutar ya faɗi, ya ɓace ya dawo, a yi ta sarewa da shukawa. Lissafin bishiya daidai yake gwargwadon gaskiyar abin da na'urori suka faɗa game da kansu.

Igiyar tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. A tsarin barcin wucin gadi, inda na'ura ɗaya ke kwantawa alhali sauran kwamfuta na aiki, uwa tana ƙirga 'ya'yanta da ke farke, kuma ba za ta kwanta ba sai ƙidayar ta koma sifili. Saboda haka linzamin kwamfuta guda da direbansa bai yarda da barci ba zai hana mahaɗa, ita ta hana uwar mahaɗa, ita kuma ta hana mai kula da USB sauka zuwa matakin ƙarancin wuta. Uwa ba ta barci ɗa na kuka. Ga wanda batirinsa ne zai kai shi har rana ta fito kan faranti, wannan ƙaramin ganye na iya cinye wani kaso na aikin dare.

6.0 Turbar da Ba Ta Ƙirga 'Ya'yanta

PCI da USB suna iya zagayawa su tambayi kowa sunansa. I2C ba ta iyawa. Wayoyi biyu ne kawai, adireshinta na yau da kullum lambobi 128 ne, 16 daga ciki an keɓe, kuma na'urar da ke kai ba ta da wata tsayayyar hanya ta faɗin ko ita wace ce. Sai an gaya wa ƙwaya. A wayoyin Android ana yin haka da fayil ɗin da ake kira devicetree, wanda mai ƙera waya ke rubutawa: a adireshi kaza na babban guntu akwai mai kula da I2C, a ƙarƙashinsa a lamba kaza akwai guntun taɓa sikirin, nau'insa kaza. Na'urorin da ke jikin babban guntu ana rubuta su a wata turba ta manhaja mai suna platform. Mai kula da I2C na'urar platform ce, direbansa ya ƙirƙiri adafta, ƙarƙashin adafta a jera na'urorin da fayil ya ambata.

Wannan yana bayyana wani abu da masu gyaran waya ke cin karo da shi. A canza sikirin da ya fashe, hoto ya fito tsaf, amma taɓawa ba ta aiki. Wani lokaci igiya ce ba ta zauna ba. Wani lokaci kuwa guntun taɓawa, abin da suke kira ayisi, na wani kamfani ne dabam da wanda fayil ya ambata. Ƙwaya ta je adireshin da aka ba ta, direba ya yi sallama ba a amsa ba, probe ya faɗi. Sabon guntun yana nan da lafiyarsa a wani adireshin, amma babu wanda zai neme shi.

I2C ma tana shiga cikin kanta. Guntu irin PCA9548 yana raba turba guda zuwa rassa takwas domin na'urori masu adireshi iri ɗaya su zauna tare. Shi kansa na'ura ce a turbar sama, kowane reshe kuma sabuwar adafta ce. Sai dai wayoyin na ainihi ɗaya ne, don haka mai magana a reshe dole ya kulle uwar turba kafin ya buɗe baki, in ba haka ba wani ya juya makunni ana tsakiyar zance.

7.0 Inda Bishiya Ta Gaza

A nan kwatancin sarauta ya tsaya. Ƙauye yana da hakimi guda, amma mutanensa na iya cin kasuwar wata gunduma, su sha ruwan gulbin da ya fito daga wata masarauta. Idan kasuwar ta tashi, sun shiga wahala ko da hakiminsu na nan daram. Littafin da ya rubuta biyayya kaɗai ba zai nuna haka ba.

Guntun taɓa sikirin uwarsa adaftar I2C ce. Amma wutarsa tana fitowa daga guntun sarrafa wuta da ke wani reshe, layin da yake jan hankalin farosesa da shi kuma na wani mai kula ne a reshe na uku. Gurbin parent ɗaya ne tak. Babu abin da ya tabbatar cewa mai ba da wuta ya shirya kafin a gwada mai sha.

Magani na farko ya shigo a Linux 3.4 a 2012, ta hannun Grant Likely. Direban da ya nemi wani abu bai samu ba sai ya mayar da amsar -EPROBE_DEFER, ma'ana "a dawo anjima". Ƙwaya ta sa na'urar a layin jira, duk lokacin da wani probe ya yi nasara a sake gwada masu jira, kuma a mayar da wadda aka sake gwadawa ƙarshen dpm_list domin jerin barci ya daidaita. Dabarar tana aiki, amma lalube ce: ƙwaya ba ta san wa ake jira ba, gwadawa kawai take ta yi. A Linux 4.10 a 2017 Rafael Wysocki ya kawo igiyoyi na musamman tsakanin mai bayarwa da mai amfani, waɗanda ake rubutawa a fili ban da igiyar uwa da 'ya. Da su ƙwaya ke jinkirta probe tun kafin a kira shi, ta gyara jerin barci, ta kuma sallami mai amfani kafin mai bayarwa. Daga baya Saravana Kannan na Google ya ƙara fw_devlink, wanda ke karanta devicetree ya ɗaura igiyoyin da kansa. Ba abin mamaki ba ne cewa wannan ya fito daga ɓangaren Android, inda dogaro irin wannan ya fi yawa.

Sauran manyan manhajoji sun gamu da abu ɗaya. A Windows direban turba yana ƙirƙirar abu guda domin 'yar da ya gano, direban aiki ya ɗora nasa a kai. IOKit na Apple kuwa tun farko ya yarda cewa na'ura ɗaya na iya zama cikin bishiyoyi da dama, ɗaya ta hidima, ɗaya ta wuta. Ana iya cewa wannan ya fi kusa da gaskiyar ƙarfe. Linux ta zo wurin ne a hankali, da faci kan faci.

Har yanzu akwai abin da igiyoyi ba su warware. Idan mai kula da I2C yana shan wuta daga guntun sarrafa wuta, shi kuma guntun ta wannan I2C ɗin ake magana da shi, an samu zobe: kowa na jiran kowa. fw_devlink yana gano irin wannan zobe ya janye hannunsa daga tilasta jeri a cikinsa. A aikace, manhajar tada waya ce ke barin wannan wuta a kunne tun kafin Linux ta fara, a kuma rubuta a devicetree cewa kada a taɓa kashe ta. Ɗalibin da ke da allon gwaji zai iya buɗe /sys/kernel/debug/devices_deferred ya ga sunayen na'urorin da suka maƙale a layin jira, sau da yawa tare da abin da suke jira.

8.0 Guntu Ɗaya, Direbobi Da Yawa

Guntun sarrafa wuta da aka ambata ba aiki ɗaya yake yi ba. A cikinsa akwai masu daidaita wuta, sau da yawa da agogo, da mai lura da maɓallin kunnawa, wani lokaci da sashen caji. Kowane aiki na wani sashen ƙwaya ne dabam. Tsarin MFD yana magance haka ta hanyar tsaga guntun zuwa 'ya'ya, a rubuta su a turbar platform. Wannan ya zauna daidai ga guntun da aka lasa a allo. Amma marubuta direba suka riƙa yin haka har ga katunan PCI da na'urorin USB, waɗanda ake iya zarewa a kowane lokaci, alhali an gina platform ne domin abin da ba ya motsi, mai adireshin da manhajar allo ta bayyana. Kroah-Hartman ya daɗe yana sukar wannan al'ada. A Linux 5.11 a 2021 aka ƙara turbar auxiliary, turba ta manhaja zalla wadda direban uwa ke ƙirƙirar 'ya'ya a kanta, a haɗa su da direbobi ta hanyar suna. Direbobin katunan sadarwa na Mellanox da Intel na cikin waɗanda suka fara hawanta. A Linux 6.14 a 2025 kuma aka ƙara turbar faux domin na'urorin da ba su da ƙarfe ko kaɗan.

Wayoyin da ke hannun jama'a a Bukkuyum ba lallai su ga waɗannan sauye-sauye da wuri ba, domin waya takan zauna kan zangon ƙwayar da aka ƙera ta da shi har ta mutu. Mai son sanin wanne tsari wayarsa ke bi sai ya duba lambar ƙwaya a shafin bayanin waya, ya gwada ta da shekarun da aka lissafa a sama: idan ta gaza 4.10, zangonta ya riga zuwan igiyoyin mai bayarwa da mai amfani.